Allon da ke jiran hoto: yadda VRR ya shiga buɗaɗɗun direbobin Linux, da inda ya maƙale

Da wuya a ɗauki kwalin allon wasa a shagunan kwamfuta na titin Khalid bin Walid a Jidda, ko a kasuwar kwamfuta ta Olaya a Riyad, ba a ga ɗaya daga cikin sunaye uku a jikinsa ba: FreeSync, ko G-Sync, ko Adaptive-Sync. Kamfanoni daban-daban ne suka raɗa sunayen, amma aikin ɗaya ne, wato allon yana iya sauya saurin da yake sabunta hotonsa domin ya dace da saurin da katin hoto, wato sashen kwamfuta mai haɗa hotunan da ake gani, yake kawo masa aiki, fasahar da ake taƙaita sunanta da VRR. Mai amfani da Windows ya daɗe da samun wannan cikin sauƙi. Matasanmu da suka koma Linux kuwa, wato tsarin tafiyar da kwamfuta mai buɗaɗɗen rubutu da ake sawa a madadin Windows, ɗaliban jami'a ne ko masu gyara a shago, sun sha jira, wasu ma har yau allonsu bai ba su abin da aka rubuta a kwalinsa ba, kuma sau da yawa nakan ji an yanke hukunci cewa buɗaɗɗun direbobi, wato manhajojin sarrafa kati da rubutunsu yake a fili kowa yana iya karantawa, su ne ba su da ƙwari. Wannan hukunci bai yi wa waɗanda suka yi aikin adalci ba, sannan yana sa mutum ya kashe riyal ɗinsa wajen canza abin da ba shi da laifi.

Asalin matsalar rashin jituwa ne tsakanin allo da katin hoto. Allo hotuna tsayayyu yake zanawa ɗaya bayan ɗaya, layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, da saurin da ido yake ɗaukar su a matsayin motsi. Allon da aka saba da shi yana yin haka sau 60 a sakan, wato kowane zane yana da milisakan 16.7 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), babu ƙari babu ragi. Wannan adadi gado ne daga talabijin ta farko a Amurka, wadda aka daidaita da bugun wutar lantarkin ƙasar, irin bugun 60 da wutar Saudiyya take da shi a yau, alhali Turai da Najeriya da Sudan suna kan 50. Katin hoto kuwa ba ya aiki da agogo. Idan ɗaki ne babu kowa ake zanawa a cikin wasa, yana iya gama hoto cikin milisakan 8, amma da an fita fili mai itatuwa da hayaƙi da taron mutane, sai hoto ɗaya ya ci milisakan 22, na bayansa 19, na bayan wannan 25.

Shekara da shekaru mafita biyu kawai ake da su, kuma kowacce da nata ciwon. Ta farko ita ce kati ya miƙa sabon hoto da zarar ya gama shi, ko da allo yana tsakiyar zana tsohon. Sai saman allo ya nuna tsohon hoto, ƙasansa ya nuna sabo, kuma idan mai wasa ya juya da sauri ya ga ginshiƙi ko ƙofa ta rabu biyu, samanta ya goce daga ƙasanta. Wannan shi ne yagewar hoto. Ta biyu, wadda ake kira V-Sync, ita ce a tilasta wa kati ya riƙe hotonsa har allo ya gama zanen da yake yi. Yagewa ta tafi ke nan, sai dai a duba lissafin wasan da ke ba da hoto 50 a sakan a kan allo mai 60: allon yana da gurbi 60, hotunan 50 ne, saboda haka dole a cike gurbi 10 da maimaici, wato ɗaya cikin kowane hoto biyar zai zauna milisakan 33 maimakon 16.7. Hoto 50 a sakan ba ƙaramin sauri ba ne, amma ido ba ya ganin matsakaicin lissafi, rashin daidaiton yake gani, sai motsi ya riƙa tuntuɓe sau goma a kowane sakan, ga kuma jinkiri tsakanin motsin hannu da abin da ya bayyana a allo.

Jirgin ƙasa na Haramain yana tashi a kan lokacinsa, wanda ya makara da minti ɗaya sai ya jira na gaba. Motar haya mai lodin Makka kuwa tana tsayawa har fasinja ya iso sannan ta tashi, ko da yake mai motar ba zai wuni yana jira ba. VRR yana fitar da allo daga tsarin jirgin ne ya mayar da shi tsarin motar. Dabarar da ake yin haka da ita ƙarama ce ƙwarai. A tsoffin alluna masu tulun gilashi a baya, hasken da ke zana hoto yana buƙatar ɗan lokaci ya koma daga kusurwar ƙasa zuwa ta sama, don haka aka bar wani gibi a cikin sigina tsakanin hoto da hoto. Allunan yau ba su da wannan haske, amma gibin yana nan bai tafi ba. Abin da kati yake yi a VRR shi ne ya ja wannan gibi ya yi tsawo har sabon hoto ya kammala, sannan ya fara aikawa. Saurin aika ɗigogin hoton bai canza ba, gibin ne kawai yake miƙewa yana takurewa. A allon da ke sabunta hoto daga sau 48 zuwa sau 144 a sakan, sabon zane yana iya biyo bayan na gabansa da milisakan 6.9, yana kuma iya jira har milisakan 20.8.

Nvidia, kamfanin ƙera katin hoto, ita ce ta fara fito da wannan kasuwa a Oktoban 2013 da sunan G-Sync, amma sai an dasa wani faifan lantarki nata a cikin allon, abin da ya ƙara masa tsada. Abokiyar gasarta AMD ta mayar da martani a farkon 2014 da FreeSync, wanda ta gina a kan dabarar da ta riga ta kasance a allunan kwamfutar tafi-da-gidanka domin adana batir, kuma a watan Mayun shekarar ƙungiyar VESA mai tsara ƙa'idojin alluna ta shigar da dabarar cikin ƙa'idar DisplayPort 1.2a, wata irin kafa da wayar haɗa allo da kwamfuta, da sunan Adaptive-Sync. Allunan FreeSync na farko sun shiga kasuwa a 2015. Ƙa'idar HDMI 2.1 da ta fito a Nuwamban 2017 ta zo da nata VRR ɗin, sannan a Janairun 2019 Nvidia ma ta sassauta, ta yarda katunanta su yi aiki da allunan Adaptive-Sync.

To, idan dabarar ƙarama ce haka, me ya sa buɗaɗɗen direban AMD a Linux bai same ta ba sai 2019? Dalili na farko shi ne hoto yana bi ta hannuwa da yawa kafin ya kai allo, kuma a Linux kowane hannu da masu kula da shi. Akwai sashen nuni na cikin kanel, wato zuciyar tsarin, wanda shi ne yake magana da kati kai tsaye. Akwai Mesa, tarin direbobin da ke juya umarnin OpenGL da Vulkan, wato yarukan da wasanni suke neman zane da su, su zama aikin da kati ya gane. Akwai kuma manhajar da ke tara tagogi ta haɗa su hoto ɗaya, ko dai tsohon tsarin X.Org, wanda ake kira X a taƙaice, ko ɗaya daga cikin masu aiki da sabon tsarin Wayland. Sai dukkansu sun yarda da yaren da za su yi magana da shi. Masu kula da kanel kuma suna da ƙa'idoji biyu masu tsauri: duk ƙofar da aka buɗe wa manhajojin waje, wato hanyar da za su yi magana da kanel, ba a rufe ta daga baya, ko da an gane ba a tsara ta da kyau ba, sannan a sashen nuni ba a karɓar sabuwar ƙofa sai an ga buɗaɗɗiyar manhaja a shirye da za ta yi amfani da ita. Wanda ya san zai ɗauki abu har abada dole ya yi nazari kafin ya karɓa.

Dalili na biyu ya shafi AMD kanta. FreeSync yana cikin wani babban sashe na rubutun manhaja mai kula da nuni, wanda aka fara kira DAL daga baya aka koma DC, mai layi wajen dubu ɗari, wanda kamfanin ya tsara domin ya yi wa Windows da Linux aiki a lokaci guda. A Disambar 2016, Dave Airlie na kamfanin Red Hat, wanda ke kula da sashen nuni na kanel, ya ƙi karɓar sa, saboda rubutun ya zo da wani shimfiɗi nasa da ya shiga tsakanin direba da kayan aikin da sauran direbobi suke tarayya a kansu. Mutane da yawa sun ji haushi a lokacin, musamman waɗanda suka riga suka sayi allon FreeSync. Ni dai a ganina ya yi daidai. Da an karɓi rubutun yadda ya zo, da babu mai iya gyara shi sai ma'aikatan kamfanin da suka rubuta shi, kuma da duk wani sauyi da za a yi wa sashen nuni baki ɗaya sai ya tsaya a ƙofarsa. Injiniyoyin AMD suka koma suka shafe kusan shekara suna gyara, aka karɓi DC a Linux 4.15 da ya fito a Janairun 2018.

Ko a lokacin ma FreeSync bai fara aiki ba, domin ƙofar da AMD take amfani da ita a direbanta na musamman tata ce ita kaɗai, masu kanel kuwa suna son ƙofar da Intel da duk wani kamfani za su iya shiga ta cikinta. Abin da aka tsaya a kai, wanda Nicholas Kazlauskas na AMD ya rubuta kuma ya shiga Linux 5.0 a Maris na 2019, alamomi biyu ne kacal. Ta farko, vrr_capable, tana manne da kafar da aka sa waya, kuma direba ne yake cike ta bayan ya karanta bayanan da allo yake bayarwa game da kansa, waɗanda ake kira EDID, ya ga mafi ƙarancin saurinsa da mafi yawansa, ya kuma tabbatar allon ya yarda a riƙa sauya masa lokaci. Ta biyu, VRR_ENABLED, makunni ce da manhajar sama, wato wadda take aiki a wajen kanel, take kunnawa ko kashewa. Idan an kunna ta, kati yana jan gibin nan har sabon hoto ya iso ko lokacin jiran allo ya ƙare. Kanel bai ɗora wa kansa yanke shawarar lokacin da ya dace a kunna ba, ya bar wa na sama, kuma daga nan ne wahala ta gaba ta taso.

A wannan watan na Maris aka saki Mesa 19.0 da direban X.Org na AMD mai lamba 19.0, waɗanda suka cike sauran hanyar. Tsarin shi ne Mesa ta liƙa wa tagar wasa wata alama da ke cewa wannan manhaja tana son VRR, direban X ya ga alamar ya kunna makunnin kanel, muddin mai kwamfuta ya rubuta zaɓin VariableRefresh a fayil ɗin saitin X da hannunsa. Saboda ba kowace manhaja ce take amfana da shi ba, Mesa ta zo da jerin waɗanda aka hana, ciki har da Firefox da Chromium da VLC da mpv da masu haɗa tagogin tebur, wato fuskar kwamfuta da tagogi suke buɗewa a kanta, domin manhajar da take zana hoto jefi-jefi tana iya jefa allo cikin ƙiftawa. Babban cikas ɗin kuwa daga ginin X kansa yake. X yana ɗaukar duk allunan da ke jikin kwamfuta a matsayin fili ɗaya shimfiɗaɗɗe, kuma ba ya miƙa hoton wasa kai tsaye ga kati sai tagar wasan ta rufe filin baki ɗaya. Saboda haka duk wanda yake da allo biyu a tebur, ɗaya na wasa ɗaya na karatu ko hira, VRR ba ya kunnuwa sai ya kashe na biyun. X kansa tsari ne da aka gada tun shekarun 1980, lokacin da babu wanda ya yi tunanin allo biyu za su riƙa tafiya da agogo biyu masu canzawa.

Amfanin haƙurin da aka yi wajen gina ƙofa ɗaya ya bayyana a Afrilun 2021, lokacin da Linux 5.12 ya kawo VRR ga ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Intel ta zuriyar Tiger Lake, aikin da Manasi Navare ta jagoranta, ta waɗannan alamomi biyu ba tare da an ƙirƙiro wasu ba. A Oktoban shekarar, X.Org 21.1 ya sa VRR a direbansa na gama-gari. Lamarin Nvidia daban ne: direbanta rufaffe ya daɗe yana ba da G-Sync a Linux, kuma ko da ta buɗe sashen kanel na direban a Mayun 2022, sashen sama ya ci gaba da zama a rufe, wani babban kaso na aikin kuma yana cikin manhajar da aka dasa a jikin katin.

Wayland ne ya warware matsalar allo biyu, domin a tsarinsa mai haɗa tagogi shi ne yake magana da kanel kai tsaye, kuma yana tafiyar da kowane allo da agogonsa. Sway, ɗaya daga cikin masu haɗa tagogin Wayland, ya kawo VRR a fitowarsa ta 1.5 a 2020. Ƙungiyar KDE ta biyo a teburinta Plasma 5.22 a Yunin 2021, da aikin Xaver Hugl, inda aka ba mutum zaɓi uku ga kowane allo: kada a kunna sam, ko a kunna idan taga ta cika allo, ko a bar shi kullum. Kamfanin Valve, wanda ya gina na'urar wasa ta Steam Deck a kan Linux da guntun lantarki na AMD, ya sa shi a nasa mai haɗa tagogin, gamescope, ya kuma buɗe shi ga allunan waje a SteamOS 3.5 a ƙarshen 2023. GNOME, wanda shi ne teburin da nau'o'in Linux na Ubuntu da Fedora suke zuwa da shi, watau wanda mafi yawan sababbin shiga suke fara gani, bai karɓa ba sai a fitowa ta 46 a Maris na 2024, a matsayin gwaji da sai an kunna da hannu, bayan aikin Dor Askayo ya shafe shekaru yana jiran dubawa da gyara. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa mutum biyu masu kati iri ɗaya da allo iri ɗaya, ɗaya yake cewa abin yana aiki tun tuni, ɗayan yana rantsuwa ba ya yi.

Abin da ya ci lokaci a nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna cewa wuyar VRR tana wajen yanke shawara. A ɗauki kibiyar linzami (mouse). A allo mai tsayayyen sauri na 144, kibiya tana motsawa sau 144 a sakan ko wasa yana sauri ko yana ja. A VRR kuwa, duk saƙon sabuntawa da mai haɗa tagogi ya aika wa kanel ma'anarsa ita ce hoto ya iso, a zana. Idan ya aika saƙo duk lokacin da aka motsa linzami, allo zai haura ƙarshen saurinsa, ya daina bin wasan, tuntuɓen da aka gudu ya dawo. Idan kuma ya riƙe kibiyar sai wasa ya kawo hoto, to a duk lokacin da wasan ya faɗi zuwa hoto 30, ko ya tsaya yana loda sabon mataki, ko aka dakatar da bidiyo, kibiya za ta riƙa tsalle-tsalle kamar kwamfutar ta sume. Haka ma idan saƙo ya faɗo a saman wasa, ko aka buɗe ƙaramar taga, sai an zaɓi wanda allo zai bi. Babu amsa ɗaya da ta gamsar da kowa, kowane tebur sulhu ya yi a inda ya ga ya fi dacewa, shi ya sa halin kibiya a KDE da GNOME da Sway ba ɗaya ba ne.

Sai batun ƙasan iyaka, wanda mai saye ya kamata ya fi kula da shi fiye da komai. Allo ba zai iya jira har abada ba, domin kowane ɗigonsa yana riƙe da ɗan caji da ke zurarewa, idan ba a sabunta shi ba haskensa ya canza. Don haka idan wasa ya faɗi ƙasa da 48, direba yakan aika hoto ɗaya sau biyu ko uku: hoto 30 a sakan ya zama zane 60, hoto 20 ya zama 60 ta ninki uku. AMD tana kiran wannan dabara LFC, kuma direban amdgpu yana yin ta a cikin kanel. Amma ba ta yiwuwa sai saman iyakar allo ya kai aƙalla ninki biyu na ƙasanta. Akwai alluna masu sauƙin kuɗi da yawa da ke ɗauke da tambarin FreeSync alhali iyakarsu daga 48 zuwa 75 ce. A irin wannan allo, wasan da ke ba da hoto 40 ya faɗi ƙasa da 48, idan kuma aka ninka shi ya zama 80, ya wuce 75. Ba shi da gurbi ke nan, kuma a daidai wurin da kati mai rauni ya fi buƙatar taimako. Babu direban da zai gyara wannan, buɗaɗɗe ko rufaffe.

Haka ma ƙiftawar haske da wasu suke ɗora wa Linux, a Windows ma tana nan. Allunan da aka ƙera da fasahar VA da OLED suna ba da haske da ɗan bambanci gwargwadon tsawon zaman hoto, saboda haka idan wasa yana kai da komo tsakanin hoto 49 da 47, allo yana tsalle ne tsakanin 49 da 94, sai wurare masu duhu su riƙa walƙiya a hankali. Wannan yana cikin abubuwan da VESA take aunawa a shaidar inganci ta AdaptiveSync da ta ƙaddamar a Mayun 2022.

Duk abin da ya gabata matsaloli ne da injiniya zai iya zama ya warware. Na HDMI ba haka yake ba, kuma shi ne ya fi taɓa gidajenmu, domin a gidaje da yawa a Jidda da Makka babban allon da ake da shi talabijin ce ta falo, talabijin kuwa kafar HDMI take zuwa da ita, ba DisplayPort ba. Linux 5.13 a tsakiyar 2021 ya kawo FreeSync ta HDMI, amma irin na AMD ne, wanda ya girmi HDMI 2.1, sai talabijin ɗin da ta san shi, kuma a cikin faɗin HDMI 2.0 mai gigabit 18 a sakan. Cikakken 4K sau 120 a sakan da launi ba ragi yana buƙatar faɗin HDMI 2.1, mai kaiwa gigabit 48. A 2021 ƙungiyar HDMI Forum, mai wannan ƙa'ida, ta taƙaita samun takardunta, ta yadda wallafa rubutun manhaja da ke bayyana yadda ƙa'idar take aiki ya zama saɓa wa sharuɗɗanta. Injiniyoyin AMD sun yi aikin, lauyoyin kamfanin sun shafe watanni suna neman hanyar da za a bi, sannan a Fabrairun 2024 Alex Deucher na AMD ya sanar cewa ƙungiyar ta ƙi amincewa da shawararsu, kuma a lokacin babu yadda za a fitar da buɗaɗɗen HDMI 2.1 ba tare da taka sharuɗɗanta ba.

A nan ne mutum zai ga abin da ke ɓata rai. PlayStation 5, wadda guntun AMD ne a cikinta, ta sami VRR ta HDMI 2.1 a Afrilun 2022, kuma katin AMD da ke Windows yana yin haka da talabijin ɗin. Katin nan dai, da wayar nan, da talabijin ɗin nan, da aka sa Linux a wancan lokacin sai aka tauye shi, ba don wani abu ya gagara ba sai don rubutunsa a fili yake kowa yana iya karantawa. Nvidia ta tsira saboda aikin yana cikin rufaffen sashe, katunan Arc na farko na Intel kuma sun bi ta wani guntu da ke juya siginar DisplayPort ya zama HDMI 2.1 a jikin katin. Wasu masu katin AMD sun bi wannan hanya da ƙaramar na'urar juyi ta waje, sai dai ba kowacce ce take wucewa da VRR ba. Ƙungiyar tana da haƙƙin kare abin da mambobinta suka kashe kuɗi a kai, amma wanda ya sayi talabijin da kati ya riga ya biya kuɗin lasisin a cikin farashinsu, kuma ban ga adalci ba a hana shi amfani da abin da ya biya saboda tsarin da ya zaɓa ya sa a kwamfutarsa. VESA ma ƙungiyar kamfanoni ce, amma ba ta hana a rubuta buɗaɗɗen direban DisplayPort ba, kuma sakamakon yana nan kowa ya gani.

Kada wanda ba ya wasa ya ɗauka wannan magana ba tasa ba ce. Fina-finai galibi hoto 24 ne a sakan, shirye-shiryen talabijin na ƙasashen da suka gaji tsarin PAL, irin su Najeriya, hoto 25 ne, kuma 25 ba ya shiga 60 daidai: wani hoton zai zauna zane biyu, wani uku, abin da ake gani a fili idan kyamara tana juyawa a hankali a kan taron jama'a. Allon VRR yana iya sauka zuwa 48 domin fim, ko 50 domin shirin gida, kowane hoto ya samu rabonsa daidai. A kwamfutar tafi-da-gidanka kuma, rage saurin allo lokacin da mutum yake karatu babu abin da ke motsi yana rage cin batir, wanda dama shi ne dalilin farko na ƙirƙiro dabarar.

Wanda yake son sanin halin da na'urarsa take ciki, ya fara daga allon kansa, domin alluna da yawa suna zuwa da FreeSync ko Adaptive-Sync a kashe a cikin maɓallan jikinsu, kuma muddin yana kashe, allon ba zai shaida wa kati cewa yana iyawa ba. Sannan ya yi amfani da DisplayPort idan akwai. Daga nan, umarnin xrandr da zaɓin props a X, ko manhajar drm_info a ko'ina, za su nuna masa ko vrr_capable ta zama 1. Idan sifili ce, matsalar tana tsakanin allo da waya da kanel, teburi bai shigo ciki ba tukuna. Idan 1 ce, sai ya koma saitin nuni na teburinsa ya kunna. Hujja mafi ƙarfi ita ce ƙaramin ma'aunin da alluna da yawa suke iya nunawa a kusurwa: idan VRR ba ya aiki lambar takan tsaya cak a 144, idan kuwa yana aiki sai a gan ta tana yawo, 97, 112, 88, tana bin wasan duk inda ya nufa. Ya kuma tuna cewa VRR yana da iyaka ta sama kamar yadda yake da ta ƙasa, domin da wasa ya wuce abin da allo zai iya zanawa, an koma zaɓi tsakanin yagewa da jinkirin V-Sync. Saboda haka ne masu allon 144 sukan ƙayyade wasa a wajen hoto 141 a sakan, ko dai daga saitin wasan ko ta manhaja irin MangoHud, domin ya zauna a cikin iyakar da allon yake iya binsa.